Layin da Babu Komai

Ƙarfe biyun dare a Pantami,
janareta na tari a bayan ofis,
ni da uwar garke muna gadin juna.
Ita tana gurnani cikin akwatin ƙarfenta,
ni ina kurɓar shayin da ya huce tun sha ɗaya.

Bappayo ne ya rubuta ɗan aiken nan
kafin a mayar da shi Kaltungo.
Ƙaramin rubutu, layi arba'in da 'yan kai,
aikinsa ya faɗi kuɗin masara da wake
yadda aka tashi kasuwa a Tudun Hatsi.
Yau ya ƙi magana.
Duk wanda ya ƙwanƙwasa daga wayarsa
lamba ɗari biyar ake miƙa masa,
wato masu gida na ciki, amma sun rikice.

Uwar garke ba ta san wake ba,
ba ta taɓa tsoma hannu a buhu ba.
Zaure kawai ta sani.
Baƙo ya yi sallama, ta kira ɗan aike daga waje,
ta cusa masa 'yan takardu a aljihu:
ga ƙofar da aka biyo, ga abin da aka tambaya,
ga tsawon saƙon, kada ka karanta fiye da haka.
Ya yi aikinsa, ya miƙo amsa, ya mutu.
Wani baƙon ya zo, a sake haifarsa.

Tsakaninsu akwai ƙa'ida a rubuce.
Waɗanda suka zauna suka tsara ta
ba su san Gombe ba,
ba su taɓa shan ranar Maris ɗinmu ba.
Na buga ta a takarda bara,
gefenta duk man ƙosai.
Wani wuri ta ce dole.
Wani wuri ta ce ya kamata.
Wani wurin ta ɗaga kafaɗa, ta ce in ka so.
Na fi tsoron na tsakiyar,
don a nan mutum ke ganin yana da wayo.

Babana awo ya yi, shekara ashirin da biyu.
Yakan ce mudu ba na kowa ba ne,
shi ya sa kowa ya yarda da shi.
Ranar da aka kama wani ya lotsa gindin nasa
ba a zage shi ba,
layinsa ne kawai ya bushe har Asabar ta zagayo.

Na bi rubutun da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa.
Ga kan saƙo, ya faɗi irin kayan da ya ɗauko.
Ga jikin saƙo, farashi a jere.
Tsakaninsu fa?
Ƙa'ida ta ce a bar layi guda babu komai.
Ni na share shi ranar Alhamis,
wai ina gyara, wai ina tsafta,
na ga fili a banza na haɗe bakinsa.

Sai Goggo Dudu ta faɗo mini a rai.
In ka haɗa sallama da saƙo a numfashi ɗaya
takan ce koma waje, ka sake shigowa.
Ka gaisar, ka yi shiru,
a san kai wane ne,
sannan ka sauke abin da aka ɗoro maka.

Na danna maɓalli ɗaya.
Shirun ya koma mazauninsa.
Masara ta fito, wake ya biyo ta,
har da gyaɗar da ba wanda ke tambaya.

An fara kiran assalatu.
Can a Dukku, na sani, Yaya Mairo mai wake
za ta duba waya kafin a loda mota,
ta ja tsaki ko ta yi murmushi.
Ba za ta san da ni ba,
balle ɗan filin nan da na mayar.
Na wanke kofi, na bar wa na safe takarda:
kada a taɓa layi na huɗu,
ba mantuwa ba ce.