Gonar Dakace

Na gama magana da dillali a Tudun Wada,
gonar Dakace zan sayar
don gado da kujeru da buhunan gara,
kada dangin ango su ce mun zo hannu rabbana.

Bayan magariba Barira ta shigo zaure
da littafin lissafinta na Kongo.
Ta durƙusa gefen buzuna, ta ja layi.
"Baba, nan masarar shekara goma ce.
Nan kuma kujerun da za a lulluɓe da leda,
ba mai zama sai ranar suna."

Na ce, al'ada ce, 'yar nan.
Ta ce, "Wace aya ta ce uba ya tsiyace?
Sadaki haƙƙina ne, na karanta.
Gara kuwa tsoron baki ce."

Gwaggonta Asabe ta tafa hannu:
"Boko ya cinye mana yarinya!"
Ni dai ina kallon alƙalamin nan
da na saya da kuɗin ɗinkin hula.

An ɗaura aure. Gulma ta yi kwana bakwai, ta gaji.
Yau ruwan shuka ya sauka,
ga ni tsaye cikin kunya,
ta gona, ba ta mutane ba.