Masaƙar Lodz Ta Koyi Shiru

Shekara talatin da ɗaya na yi tsaye a nan,
ni Wieslawa, layi na huɗu, inji na tara,
zare na gudu ta tsakanin yatsuna
kamar mai tsoron a kama shi.
Ƙara ta cinye mini kunnen hagu.
Da leɓe muke hira, ni da Jadwiga,
ta motsa baki, in karanta, in yi dariya,
ba wadda ta san muryar 'yar'uwarta.

Ranar da aka kashe injuna
takarda aka ba mu, da sabulu bibbiyu.
Ƙofa ta sha kwaɗo.
Tattabaru suka karɓi aikin dare,
bishiya ta tsiro bisa rufi ba sallama,
dusar ƙanƙara ta riƙa shigowa ta taga
tana kwanciya inda auduga ta saba kwana.

Sai ga masu katafila da taswira:
a rushe, a share, a kafa gilashi hawa ashirin.
Na ce to. Me zan ce?
Ba gini ne ya haife ni ba.
Amma daren nan ban runtsa ba.

Wata yarinya ce ta tare hanya, Dobrawa,
injiniya, takalminta duk laka.
Ta bi bango da 'yar guduma
tana ƙwanƙwasawa tana kasa kunne
kamar likita a ƙirjin tsoho.
Ta ce da manyan gari:
kowane jan bulon nan an riga an gasa shi,
kwal ɗin da ya ci ya ƙone tun zamanin kakanni,
hayaƙinsa mun shaƙa, mun yi tarinsa mun gama.
In kun rushe, sai kun sake hura wuta,
ku biya bashi ɗaya sau biyu.
Hunturu uku ana ja-in-ja.
Ba ta da zaƙin baki, lissafi gare ta.

Yanzu zo ka gani.
Rufi ya sha farantan sola, yana kiwon rana.
Ramin rini ya zama matarar ruwan sama,
da shi ake ban ruwan kabeji a tsakar gida.
Bututun hayaƙi ya tuba,
tsuntsaye ne kaɗai ke fita ta bakinsa.
Sama gidajen kwana, ƙasa ɗakin karatu,
can lungu wani na gyaran kekuna.
Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda.

Amma kada in yi maka ƙarya.
Kuɗin hayar sama ya fi ƙarfin fanshona.
Zenon, da ya bar yatsu biyu a injin nan,
ya duba farashin shayi a sabon kanti,
ya gyara hularsa, ya juya.
An ceci bango.
Mu da muka jiƙa shi da gumi
har yanzu ana duba inda za a ajiye mu.

Duk da haka kowace Laraba ina zuwa.
Inda injina ya tsaya, tabon mai na nan a daɓe,
ba su kankare ba, sun shafe shi da ƙyalli.
Yara na zama a kai suna haɗa baƙi.
Jikin ginshiƙi akwai zane uku da na yi da ƙusa
ranar da na dawo daga jegon ɗana.
Na nuna wa wata 'yar mitsitsiya,
na ce, nan na tsaya, nan na tsufa!
Mai kula da littattafai ta ɗora yatsa a leɓe.

Ashe ihu nake yi.
Ginin ya koyi shiru, ni ban koya ba.
Sai na sunkuya, na faɗa wa yarinyar sauran
da leɓe kawai, irin namu na da.
Ta zuba wa bakina ido.
Ta gane.