Yatsa Biyu

Tsahiru magini ya durƙusa a bakin ƙofa,
ya kwantar da doguwar sandarsa,
rabi a falo, rabi a ɗakin Inna.
Ƙwayar iskar da ke cikin ma'auni
ta gudu gefe, ta ƙi dawowa tsakiya.
Ya ce, "Yatsa biyu.
Katakon ga da ƙanenka ya aiko daga Kwatano
ba shi son ƙarya.
In ka shimfiɗa shi bisa tudu da kwari,
wata uku zai fara kuka,
haƙoransa su saki juna."

Kwali goma sha huɗu na kwance a zaure.
An ce a bar su su kwana biyu
su saba da zafin Maraɗi, kamar kowane baƙo.

Ni na san yatsa biyun nan.
Baba ya gina falo shekarar da gyaɗa ta yi kuɗi,
siminti buhu bisa buhu, ba lissafi.
Ɗakin Inna kuwa ya zo a shekarar da Gulbi ya ƙi kawo ruwa,
aka auna siminti da kwano,
yashi ya yi yawa,
daɓen ya sauka kaɗan
kamar muryar mai bashi a gaban mai kanti.

Nan na bar rabin haƙorina ina ɗan shekara shida.
Nan Barira ta kifar da furar baƙi,
ta yi kuka har la'asar.

Tsahiru bai tambayi tarihi ba.
Ya sa guduma ya sassaƙe ƙusumbin bakin ƙofa,
yaronsa Nomau ya share, ya sake sharewa,
ya yayyafa ruwa har daɓen ya sha.
Suka kafa ƙusa, suka ja zare daga bango zuwa bango,
suka zana da gawayi inda ƙasa ta faɗa.
Aka dama siminti ruwa-ruwa, kamar kunun mara lafiya,
aka zuba.
Ya bi kwari da kansa,
ya shiga tsagar da kiyashi suka yi shekaru suna bi.
Sanda ta ja, ta koma, ta ja.

Sai jira.
Kwana tara Inna na kwana a ɗakin Barira tana mita.
Tsahiru ya shimfiɗa leda da dare, ya danne da bulo,
da safe ya ɗaga: gumi a ƙarƙashi.
"Bai yi ba. Kada ku matsa mini."
Ranar da leda ta kwana a bushe
ƙwayar iskar ta tsaya tsakiya cak.

Soso, sannan katako, ɗaya na kama bakin ɗaya.
Ya bar yatsa guda a gindin bango,
wai in damina ta sauka, katako na son wurin miƙa.

Da asuba na ji takun Inna da butarta.
Yana ta rufe mata ido, bango take bi.
Ta iso bakin ƙofa,
ta ɗaga ƙafar dama,
ta haye abin da babu.

Na ce, "Inna, ai an daidaita."

Ta tsaya, ta shafa santsin da tafin ƙafa.
Ta ce, "Na sani.
Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Ƙafar ce ba wanda ya gaya wa."