Minti Uku

Shekara bakwai Injiniya Tasi'u yana Bukuru,
yana koya wa baƙin yashin kuza
yadda zai riƙe wuta a cikin batir.

Sai ga baƙi biyu,
ƙasashensu ba sa ga maciji.
Ɗaya ya kawo kwangila, oga ya ƙi.
Ɗayan cajin waya kawai ya roƙa,
minti uku, a jikin kwamfuta.

Ni na kawo shayi. Ni na miƙa igiyar.

Ƙofa ba ta karye ba, kare bai yi haushi ba.
Bana batirin ya sauka Taminus cikin kwali,
da rubutun da ba mu iya karantawa.
Oga ya sayi ɗaya, ya kwance shi da dare.
Har kuskurensa na waya ta huɗu
yana ciki.