Dillalin Kalmomi na Aboabo

Kakansa dillalin goro ne a Kumasi,
yana bambance fari da ja ko cikin duhu,
yana gane mai saye tun daga yadda ya tuɓe takalmi.
Mutawakilu bai gaji ko huhun goro ɗaya ba.
Kunnen kawai ya gada.

A shagon intanet na Awudu, bayan tashar Aboabo,
kwamfuta shida, biyu sun riga mu gidan gaskiya,
nan yake zama yana leƙen abin da mutane ke bugawa
cikin ɗan farin akwatin nan na injin bincike.
Ya ce da ni: Ka ga wannan? Ƙofar kasuwa ce.
Wanda ya san kalmar da mai saye zai rubuta
ya riga kowa shimfiɗa tabarma.

Takardarsa ta farko ran Laraba ta fito,
gaba da baya, ni na kai ta wurin mai fotokwafi.
Arba'in muka buga. Sha bakwai suka dawo.
Uku na gani da idona an ƙunshe ƙosai a ciki.

Bai fasa ba. Kowace Laraba
sai ya jera farashin kalmomi kamar na hatsi:
"kente" ta yi tsada, manyan shagunan Adum sun rufa mata,
"man kaɗanya" tana arha, ku yi maza,
"takalmin fata" ba ta motsa ba tun azumi.
A ƙasa ya kan sa: Shafi na biyu maƙabarta ce,
ba mai zuwa sai da dalili.

Injin kuwa miskili ne, ba ya sallama.
Ka kwanta kana na ɗaya,
ka tashi ko ƙurarka babu.
Mutawakilu ne mai duban fushinsa,
ya kwana da tocila in wuta ta ɗauke,
yana lissafa wa ya hau, wa ya zame,
ya rubuta kafin kiran assalatu.

Akwai shekarar da ya yi kuskure.
Ya ce a cusa kalmomi, fari a kan fari,
ido ba ya gani, injin zai ƙirga.
Wata huɗu aka sha daɗi.
Sai dare ɗaya aka share su duka.
Hajiya Adiza mai man kaɗanya
ta hau tarotaro daga Asawase da takardar a hannu,
ba ta zage shi ba, ta ajiye ta a gabansa kawai,
ta ce: Karanta mini inda na yi laifi.
Larabar da ta biyo layi biyu ya buga:
Ni na koya muku algus.
Ku yafe, ku goge, mu sake awo da mudu na gaskiya.
Daga ranar aka fara biyan kuɗin takardar.

Sauran tarihin ya zo da gudu.
Kasuwa ta koma cikin aljihu,
shagon Awudu ya zama na gyaran waya,
mai fotokwafi ya daina ganinmu.
Nafisatu, wadda ta fara da gyara masa wasula,
yanzu tana Accra, kamfanoni na layi a ƙofarta.
Ta kan kira shi in injin ya yi atishawa.

Jiya na same shi kan benci, gilashi a goshi.
Ya ce yanzu injin da kansa yake amsawa,
ba ya tura kowa rumfar kowa,
dillali ya cinye cinikin, ya riƙe baƙon a zaure.
Na ce: To, ka rufe kenan?
Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi.
Ya ce: Yau Talata ko?
Matso mini da cajar can.