Sukari a Saman Chajnantor

'Yata Delfina ta sauko daga tudu ranar Alhamis,
leɓenta a tsattsage, idonta ja don rashin barci.
Ta zauna bakin murhu ko takalmi ba ta cire ba,
ta ce, "Mama, akwai sukari a sararin sama."

Na ce, to ɗebo mana, na gida ya ƙare tun shekaranjiya.

Can inda take aiki, iska ba ta cika huhu.
Fararen faya-fayan ƙarfe sittin da shida
sukan karkata kunne wuri guda
kamar garken lama ya ji motsin dila.
Ba kallo suke ba, in ji ta, saurare suke.
Kowace ƙwayar abu, in tana juyi, da irin muryarta:
siririn layi a fuskar kwamfuta,
tana gane shi yadda nake gane tarin ubanta
ta bayan katanga, shekara tara bayan mun binne shi.

Gajimare ne na ƙura, ƙanƙara ta lulluɓe ƙwayoyinsa,
da jaririn tauraro a tsakiya.
A nan aka haɗa abin.
Ba tukunya, ba itace,
ba wadda ta tsaya tana juya ludayi.
Saƙon kuwa shekara ɗari huɗu ya yi a hanya,
ya taso ba a ma dasa ɓauren kakata ba.

Na ce, yana da zaƙi?
Ta ce ba harshen da ya taɓa shi.
Na ce, to rai ne?
Ta ce, "Kada ki yi wa rogo kallon kitse.
Gari ne, Mama. Ba a kai ga burodi ba."

Wannan na gane.
Na san garin da ya kwana a kwano
babu wanda ya kwaɓa.

Barci ya ɗauke ta a kan tebur, cokali a hannu.
Na yafa mata mayafina.
Daren nan layin ban-ruwanmu ne a Toconao,
na ɗauki fitila da shebur na fita.

Gishiri shimfiɗe a kwari har inda ido ya gaji.
Na ɗaga kai.
Duhun da ke tsakanin taurari,
wanda na ɗauka wofi ne tun ina goye,
ashe rumbu ne.

Na ture dutsen bakin kwata.
Ruwan ya yi jim, sannan ya bi ta gindin ɓaure.