Gwangwanin Mabuɗai

Ni ne mai sauya makulli a Campanhã.
Shekara goma sha tara ana kirana da sassafe,
in biyo bayan ɗan sanda da akwatina,
in kwance tsoho, in ɗaura sabo,
ba na duban katifar da aka jingine a bakin titi.

Ranar da na fara ganinta
tana zaune kan matakalar gida mai lamba arba'in da ɗaya,
gwangwanin biskit a cinya,
ruwan Porto na jiƙa mata takalmi.
Ta ce, "Abílio, tsohon mabuɗin fa? Ba ni."
Na ba ta. Me zan yi da shi?

Graciete Valadão ke nan, 'yar mai gyaran kifi,
ta tashi su bakwai a ɗaki guda,
labule ne bango tsakaninta da tarin mahaifinta.
Da tazarar ƙuri'a tamanin ta zama kansila.

An ce a zauren majalisa,
da shugaba ya ce asusu ya bushe,
ba ta ɗaga murya ba.
Gwangwanin ta juye masa a kan tebur.
Ta riƙa tsintar mabuɗan ɗai-ɗai tana kiran suna:
Idalina mai ɗinki,
Custódio da tagwayensa,
tsohuwar da ta bar kyanwarta a ciki.
"Mai ɗaki," in ji ta, "shi ya san inda yake masa yoyo.
To wanda aka raba da ɗakin fa?"

Gida ɗari uku ta nema,
sittin da huɗu aka gina.
Waɗanda ba su samu ba suka daina amsa gaisuwarta a kasuwa.
A zaɓe na uku ta faɗi.
Washegari na gan ta a tashar bas
tana cike wa wani takardar kotu a kan gwiwarta.

Bara, cikin hunturu, aka kira ni hawa na huɗu,
an ce 'yar hayar ta rasu, baƙi na tafe ranar Asabar.
A ƙofa na ga sunanta, rubutun biro.

Na yi aikin.
Ni ma haya nake biya.

Amma nata mabuɗin yana aljihuna.
Duk matakalar da na hau
ina jin sa yana bugun sauran.